Abin da Ke Cikin Ruwan Zobe da Ajiwa Wanda Taki Ba Ya Ƙarawa

Idan hunturu ya kankama a Katsina, hazo ya lulluɓe gari har ba a hango hasumiyar Gobarau daga nesa, farar ƙurar nan da ke kwanciya a kan gilashin mota da tabarmar masallaci ba duka ba ce rairayin hamada. Wani kaso nata ragowar halittun ruwa ne. A arewacin ƙasar Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, babu wuri guda a doron ƙasa da ya kai shi tayar da ƙura. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce kwarin nan ƙasan tafki ne, tsohon Tafkin Chadi, wanda faɗinsa a lokacin ya haura murabba'in kilomita 350,000, ya ninka jihar Katsina fiye da sau goma. Wasu ƙananan halittu sun rayu a cikinsa, suna mutuwa suna nutsewa, kwansonsu yana taruwa a ƙasa shekara da shekaru. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar wata farar ƙasa marar nauyi, ita ce iskar arewa maso gabas ke kwasowa tana sauke mana. Sunan halittun diyatom.

Danginsu suna nan da rai a dam ɗin Zobe, da na Jibiya, da Ajiwa, da Sabke, da Mairuwa ta Funtuwa, da duk wani kududdufin da ya daɗe da ruwa. Ido ba ya ganin ɗai-ɗaikunsu, shi ya sa ba sa shiga zance. Zancenmu na ruwa kullum a kan yawa yake: dam ya cika ko bai cika ba, famfo ya kawo ko bai kawo ba, nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka. Damuwa ce ta gaskiya, domin wanda gidansa ya kwana ba ruwa ba ta sinadari yake yi ba. Amma ruwan da aka tare halinsa yana sauyawa yayin da yake zaune, kuma cikin abubuwan da ke juya shi akwai wani sinadari da babu mai zuba shi, babu mai sayar da shi a nan, wato silika, sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu. Kowace shekara muna ƙara wa ruwan dam taki ta hanyar gonakin da ke bakinsa, silika kuwa sai abin da duwatsu suka bayar. A nan sikeli yake karkacewa.

Diyatom dangin gansakuka ce, ƙwayar halitta guda ɗaya tak, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda ganye ke yi. Girman mafi yawansu tsakanin maikiromita 2 ne zuwa 200, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Abin da ya raba ta da sauran gansakuka shi ne kwanson da take zaune a ciki, wanda take ƙerawa da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Kwanson gida biyu ne kamar kwano da murfinsa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi yana rufe shi. A jikinsa akwai ƙananan huji jere cikin tsari, ta nan abinci ke shiga. Wasu zagayayyu ne, wasu dogaye masu tsini biyu, kuma kowane jinsi da irin zanensa, da shi ake gane shi. Duk wanda aka nuna wa su a madubin ɗakin gwaji karon farko da wuya bakinsa bai kama tasbihi ba.

Yadda take hayayyafa shi ne jigon maganar. Idan lokaci ya yi sai ta rabe biyu, ɗaya ta tafi da murfi, ɗaya ta tafi da kwano, kowacce ta ƙera sabon rabi wanda zai shige cikin wanda ta gada. Ke nan duk rabuwa ɗaya tana cin sabuwar silika. Ko da ruwan cike yake da sauran abinci, ranar da silika ta yanke, haihuwa ta tsaya.

Mai son ganinsu ba tare da madubi ba, ya je inda ruwa ke kwarara a ƙasan dam ya ɗago dutsen da ya daɗe a ciki. Santsin nan mai ruwan ƙasa da ke manne da shi, wanda ke zamar da yara idan sun taka, galibinsa diyatom ne. Bai yi kore ba saboda akwai wani launi mai ruwan zuma a jikinsu da ya rinjayi koren. Ka murza shi a yatsa, ka bar shi ya bushe a rana, za ka ga ya koma gari mai toka-toka. Kwanson ke nan. Ƙanƙantarsu ba ta hana su aiki ba: idan aka haɗa na teku da na ruwan daɗi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da ake samarwa a duniya kowace shekara daga gare su take fitowa. Suna kuma ajiye abincinsu a matsayin mai, shi ya sa ƙananan ƙwarin ruwa ke ƙiba da su, 'ya'yan kifi kuma su ƙiba da ƙwarin.

Silikon shi ne sinadari na biyu a yawa a ɓawon ƙasa, bayan oksijin, ya kai kusan kashi 28 cikin 100 na nauyinsa. Idan ya haɗu da oksijin ya zama silika. Yashin da tifofi ke ɗiba a gulabenmu da rani kusan dukansa silika ne. Sai mutum ya ce, ƙasar da ke zaune a kan yashi irin tamu ina ita ina ƙarancin silika? Amsar ita ce yashi ba ya narkewa sai ɗan kaɗan a tsawon zamani, diyatom kuwa ba ta iya komai da ƙwayar yashi. Narkakkiyar silika take sha, ita kuma daga wani wuri daban take zuwa.

Kudanci da tsakiyar jiharmu, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, Ƙanƙara, Dutsin-ma da Safana, a kan tsoffin duwatsu suke zaune, giranit da danginsa. Ruwan sama idan ya ratsa ƙasa yana haɗuwa da iskar kabon da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa, ya ɗan yi tsami. Wannan ɗan tsamin shi ke cin wani ma'adini da ke cikin giranit mai suna feldisfa, a hankali, ya kwashe silikarsa da gishirinsa ya wuce da su, ya bar yumɓu. Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara shaida ce ta wannan aiki: ragowar dutsen da ruwa ya gama tatsa ce. Abin da aka tatsa ya bi ƙorama ya faɗa gulbi. Kogunan duniya a tsaka-tsaki suna ɗauke da kimanin miligiram 9 zuwa 10 na narkakkiyar silika a kowace lita, kogunan ƙasashe masu zafi kuma sukan fi haka, domin zafi yana hanzarta cin dutsen.

Sai dai gulabenmu ba sa gudu shekara cur. Karaduwa da ke shiga Zobe, da Gada da ke shiga Jibiya, da Tagwai da ke shiga Ajiwa, da damina suke kawo ruwa, kafin sanyi ya yi nisa sun koma yashi. Kusan wata bakwai dam yana zaune da abin da ya samu, ba mai kawo masa sabuwar silika sai ɗan abin da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa, da ƙura, da wadda ta sake narkewa daga lakar ƙasansa. Waɗannan watannin kuwa su ne watannin noman rani.

A gulbi mai gudu da jan ruwa diyatom ba ta samun sukuni. Haske ba ya ratsa ruwan, kafin ta rabe biyu igiya ta yi gaba da ita. Da aka gina dam, ruwa ya tsaya, laka ta kwanta, rana ta shiga, sai ta samu wurin zama. Ta yi ta hayayyafa tana zuƙe silika, tana mayar da narkakkiya ta zama kwanso. Idan ta mutu, kwanson yana da nauyi, sai ya nutse. Naman jikinta ruɓewa yake yi nan da nan, naitirojin da fosfaras ɗin da ke ciki, wato sinadaran da ke cikin takin zamani, su koma cikin ruwa wasu su sake ci. Kwanson bai da wannan saurin. Wani ya narke daga baya, wani laka ta binne shi, wanda aka binne kuwa ya fita daga lissafi. Saboda haka ruwan da ke fita daga dam silikarsa ba ta kai ta wanda ya shigo ba.

Masana sun auna buƙatar diyatom ta teku tun 1985, suka ga kusan ƙwayar silikon ɗaya take nema a kan kowace ƙwayar naitirojin ɗaya, da kusan 16 a kan kowace ƙwayar fosfaras. Ta ruwan daɗi kwansonta ya fi kauri, don haka buƙatarta ta fi haka. To ka duba buhun kamfa, ka duba na yuriya, ka duba na sufa. Naitirojin ne da fosfaras da fotash. Haka bahayar mutane, haka kumfar wasu sabulan garin wanki. Duk abin da muke turawa cikin ruwa yana ƙara nauyin gefe ɗaya ne kawai.

Abin da ke biyo baya yana da ruɗarwa, domin da farko alheri yake kama da shi. Takin da ya shiga ruwa diyatom ce ke fara morarsa, ta ninka yawanta, kifi ya samu abinci. Amma yawan nata shi ke hanzarta zuƙe silika da binne ta. Wannan shi ne abin da wasu masana biyu, Claire Schelske da Eugene Stoermer, suka bayyana a 1971 game da Tafkin Mishigan na Amurka: fosfaras daga birane ya ƙaru, diyatom ta ƙaru, silikar tafkin ta yi ƙasa, sai aka fara ganin wasu nau'o'in gansakuka da ba sa buƙatar kwanso suna maye gurbinta da bazara. A kogin Misisifi ma, takin gonaki ya sa silikar da a farkon ƙarni na 20 ta ninka naitirojin kusan sau uku ta dawo kusan kunnen doki da shi.

Akwai wata muhawara a Turai da nake ganin ta fi kowace koya mana abin da ya shafe mu. A 1972 aka kammala wani babban dam a kogin Danub, tsakanin Romaniya da ƙasar da a yau ake kira Sabiya. A 1997 wani masani mai suna Christoph Humborg da abokan aikinsa suka wallafa cewa silikar da kogin ke kaiwa Baƙin Teku ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, halittun bakin tekun kuma sun sauya, waɗanda ba su da kwanson silika sun ƙaru ƙwarai, suka ɗora laifin a kan dam ɗin. Bayan 'yan shekaru wasu masana suka je suka auna abin da ke shiga dam ɗin da abin da ke fita, a 2004 suka bayyana cewa kusan kashi 4 cikin 100 kawai yake riƙewa. Dalili kuwa, ruwa ba ya daɗewa a cikinsa, 'yan kwanaki ne ya wuce. Raguwar gaskiya ce, amma ba dam guda ya yi ta ba, tarin madatsun da ke kan kogin da rassansa ne, haɗe da takin da ke shiga su. Ashe ba tsayin bangon dam ne abin dubawa ba, tsawon zaman ruwa a bayansa ne.

Namu kuwa zaman ruwa suke yi na gaske. Zobe, wanda aka kammala a 1983, yana ɗaukar sama da mita kubik miliyan 170, kuma ya yi shekaru masu yawa ana cin ɗan kaɗan daga cikinsa kafin a buɗe aikin ruwan sha na yankin a 2021. Jibiya yana ɗaukar kimanin miliyan 140. Ajiwa, wanda birnin Katsina ke sha tun tsakiyar shekarun 1970, ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙaramin ruwa kuma ya fi saurin jin abin da aka zuba masa. A dukansu, ruwan da ya shigo a Agusta shi ne dai ke nan a Afrilu, sai dai rana ta sha wani kaso, domin a yankinmu tururin da ke tashi daga buɗaɗɗen ruwa yakan kai kusan mita 2 a shekara.

Shekarar irin wannan tafki kashi uku take. Da damina ruwa ja ne, silika ta shigo da yawa, taki ma ya shigo, amma babu haske, don haka komai yana jira. Da kaka zuwa hunturu laka ta kwanta, saman ruwa ya yi sanyi da dare ya yi nauyi ya nutse, iska tana kaɗawa, ruwan sama da na ƙasa suna cakuɗa. Wannan lokacin diyatom ne, musamman wani jinsi mai suna Aulacoseira da ke jeruwa kamar zare, mai kaurin kwanso, wanda ya cika tafkunan Afirka, kuma shi ne mafi yawa a farar ƙasar Bodele. Nauyinta ya sa ba ta iya tsayawa a sama da kanta, sai ruwa yana juyawa yana ɗago ta. Da bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, saman ruwa ya ɗau zafi ya zauna a kan na ƙasa mai sanyi, juyawa ta ragu. Diyatom ta nutse inda ba haske, silikar saman ruwa ta riga ta yi ƙasa, ga ruwa ya ja baya, ga gonakin tumatir da albasa da alkama sun bi shi har gaɓa, ga shanu suna shiga har gwiwa. A daidai wannan gaɓa ce wata halitta ke samun fili.

Ita ce koriyar gansakukar nan mai shuɗi-shuɗi da ke taruwa a saman ruwa kamar an zuba fenti. Asalinta bakteriya ce mai cin hasken rana, masana suna ce mata sayanobakteriya. Ba ruwanta da silika. Tana son zafi. Tana da 'yan jakunkunan iska a jikinta da ke ɗago ta sama idan ruwa ya lafa, ta tare wa na ƙasa rana. Wasu jinsunanta har naitirojin suke kamawa daga iska, ke nan fosfaras kawai suke jira a ba su.

Bambancin da ke tsakanin tafkin da diyatom ta rinjaya da wanda wannan ta rinjaya a kofin shan ruwa ake jin sa. Ita ma diyatom ba ta rasa nata ɓarnar ba: idan ta yi yawa tana toshe yashin tacewa a gidan ruwa, sai an yi ta wanke shi, aiki ya ƙaru, wuta ta ƙaru. Amma wannan asarar kuɗi ce. Sayanobakteriya kuwa tana sa ruwa warin ƙasa, wasu daga cikinta kuma, irin su Microcystis, suna fitar da dafin da ke taɓa hanta. Ba kowane koren ruwa ne mai dafi ba, kuma ido ba ya rarrabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dafin a maikirogiram 1 kacal, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a lita ga ruwan da ake sha yau da kullum. Tafasawa ba ta kashe shi. Alam yana kwantar da ƙwayoyin idan ba su fashe ba, amma dafin da ya riga ya narke ba ya kama shi, sai da isasshen kulorin ko gawayin tacewa na musamman. A 1996, a garin Karuwaru na Burazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da wannan dafi. A Agustan 2014 aka hana kusan mutum 400,000 shan ruwan famfo na kwana uku a birnin Toledo na Amurka. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, hukumomin ƙasar suka danganta abin da dafin wannan gansakuka a wuraren shan ruwansu. Makiyayin da ke kai garkensa gefen da iska ta tara koren kumfa ya kamata ya san wannan labari.

Ta fuskar masunta abin bai miƙe sosai ba. Babbar karfasa tana iya narkar da sayanobakteriya saboda tsamin cikinta, don haka koren ruwa ba lallai ya rage ta nan take ba. 'Ya'yan kifi ne ke shan wahala, domin ƙwarin da suke ci ba sa ƙiba da ita. Idan kuma ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe, tana shanye iskar da ke cikin ruwa, a wayi gari kifi ya taso yana haki. Tarwaɗa tana shaƙar iskar sama ta tsira, saura ba su da wannan gata.

A nan dole in yi adalci ga hujja. Duwatsunmu suna ba da silika da yawa, zafin ruwanmu kuma yana sa kwanso ya sake narkewa da sauri fiye da yadda yake yi a tafkunan ƙasashen sanyi. Don haka ba daidai ba ne a kwaso labarin Mishigan a ɗora wa Zobe kai tsaye, kuma silika ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Zafi, da lafawar iska, da zurfin haske, da yawan fosfaras, kowanne da hannunsa a ciki. Abin da nake tsaye a kansa shi ne, cikin waɗannan duka, zafi ba a hannunmu yake ba, iska ba a hannunmu take ba, silika ma ba a hannunmu take ba. Fosfaras da naitirojin kaɗai ne muke iya ragewa, kuma su ne muke ƙarawa, a daidai watannin da silika ba ta shigowa.

Ko a kan tudu ma muna taɓa lissafin ba mu sani ba. Dangin ciyawa, wato gero, dawa, masara, rake da shinkafa, suna zuƙar narkakkiyar silika su ajiye ta a kara da ganye. Ita ke sa ganyen rake yankan hannu. Shinkafa ta fi kowa, silikon yakan kai kashi 10 cikin 100 na busasshen jikinta, buntunta kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar silika ce. Wannan silikar ta tsiro ta fi ta yashi saurin narkewa nesa ba kusa ba, idan kara ya ruɓe a gona sai ta koma ƙasa, wata ta bi ruwa. Mu kuwa ba ma barin kara a gona. Na danga ne, na zana ne, na murhu ne, na dabbobi ne, kuma talauci ne ya sa haka, ba wauta ba. Abin da ke ɗan dawo da ita shi ne takin gida da toka, domin silika ratsa cikin saniya take yi ta fito kusan yadda ta shiga. Manomin da ya daina kai takin gida ya koma kan buhu kaɗai ya yanke wannan hanya. A Japan tun 1955 aka amince da takin silika ga gonakin shinkafa, saboda tana ƙarfafa kara ta rage kwanciya da cuta.

Ruwan da muka riƙe kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Gada idan ya bar Jibiya Nijar yake shiga ya zama Gulbin Maraɗi, ya zagayo ya faɗa Rima. Karaduwa ma ta gulbin Bunsuru yake bi ya iske Rima. A kan Rima akwai Goronyo, can gaba a kan Kwara akwai Kainji da Jebba, kowanne yana cire nasa kafin a kai teku. Wani ƙiyasi na 2014 ya nuna madatsun duniya baki ɗaya suna riƙe kusan kashi 5 cikin 100 na silikar da ke shiga koguna. A jimla ba yawa, amma ba a rarrabe take daidai ba, tana taruwa ne a kogunan da aka jera wa dam.

Auna wannan abu ba ya neman kuɗi masu yawa. Silika ba ta cutar da mai sha, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa mata iyaka ba, shi ya sa kuma take saurin fita daga jerin abin da ake dubawa. Awon nata mai sauƙi ne. A ɗebi ruwa a robar filastik, ba a kwalba ba, domin gilashi da kansa yana sakin silika ya ɓata sakamako. A tace, a ɗiga wani sinadari mai suna molibdet, ruwan ya yi rawaya, a ƙara wani ya koma shuɗi, a karanta ƙarfin launin da na'urar da ake karanta fosfaras da ita. Su kansu diyatom ɗin ma'auni ne. Kowane jinsi da irin ruwan da yake so: wasu sai mai tsabta, wasu, kamar Nitzschia palea, inda ƙazanta ta yi yawa suke bunƙasa. Ana ɗauko duwatsu biyar daga cikin ruwa, a goge santsin da buroshin haƙori a cikin roba, a dafa shi da sinadarin da ke cinye nama ya bar kwanso, a ɗora a gilashi a ƙirga 'yan ɗaruruwa. Awon sinadari yana faɗa maka halin ruwa a sa'ar da ka ɗiba, kwanson da ke jikin dutse kuwa yana ba da labarin makonnin da suka gabata. Tarayyar Turai ta sa wannan cikin dokar ruwanta ta 2000, Afirka ta Kudu ma tana aiki da shi. Lakar ƙasan dam kuma ajiya ce: idan aka soka bututu aka ciro ta ba tare da an dama ba, za a karanta jinsunan da suka rayu a Zobe daga shekarun farko zuwa bana, a ga lokacin da suka fara sauyawa.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma tana maƙwabtaka da Zobe, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ba ta da nisa da Ajiwa. Abin da zai yi amfani shi ne awo na wata-wata a wurare ƙayyadaddu, mashigar ruwa da tsakiya da wurin da gidan ruwa ke zuƙa, ɗalibai su riƙa gadon aikin daga hannun juna, a ajiye lambobin wuri ɗaya inda ma'aikatan gidan ruwa za su iya gani. Awon wata uku da ake yi don kammala digiri a rufe a kabad ba ya nuna inda ruwa ya dosa.

Game da manoman bakin dam, ban ga hikimar korarsu ba, kuma ba zai yiwu ba, domin noman rani shi ne rufin asirin gidaje da yawa. Abin da zai yiwu shi ne a bar 'yan taku na ciyawa tsakanin kunya ta ƙarshe da ruwa, a riƙa binne taki a gindin shuka maimakon watsa shi, kada a zuba yuriya sannan a saki injin ban ruwa har ya malala ya koma dam. Wannan ma riba ce ga manomin, tunda takin da ya bi ruwa kuɗinsa ne. A keɓe wa shanu mashaya nesa da inda ake zuƙar ruwan sha, wankin mota da babur ma a matsar da shi. Idan kuma kuɗin awo bai isa na shekara cur ba, a fara da Maris zuwa Mayu, a ɗebi samfur da safe kafin iska ta tashi, a gefen da ta kwana tana tura ruwa.